Baƙin yauƙi a tankin dizal na jirgin ruwa: daga ina yake, kuma yaya ake rabuwa da shi?

Tambaya: Ina kula da wani ƙaramin jirgin ja da ke jan baji, wato jirgin dakon kaya marar inji, a ruwan Legas. Injinsa na dizal ne, tankinsa na ƙarfe, mai cin lita 800. Tun tsakiyar damina filta take toshewa kusan kowane mako, kuma idan muka kwance ta sai mu tarar da wani baƙin abu mai yauƙi da wari. Sau biyu inji ya mutu mana a tsakiyar ruwa lokacin da igiyar ruwa ta yi ƙarfi. Wani ya ce gansakuka ce, wani kuma ya ce mu sayi magani mu zuba kawai. Mene ne wannan abu, kuma yaya za mu yi da shi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya ƙara tsarewa, domin mutuwar inji a tsakiyar ruwa da baji ɗaure a baya ba ƙaramin haɗari ba ne. Abin da ka kwatanta na san shi sosai, na kuma sha zura hannuna a cikinsa. Akwai ruwa kwance a ƙasan tankinka, kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sun mayar da ruwan nan gidansu, suna cin man da ke samansa. Muddin ruwan yana nan, kuma kafar da yake shigowa ta cikinta ba a toshe ta ba, duk maganin da ka zuba zai ba ka hutun 'yan watanni ne kawai, sannan yauƙin ya dawo.

Wanda ya ce maka gansakuka ce ya faɗi abin da masu jirage da yawa suke faɗa, har a ƙasashen Turawa, amma ba ita ba ce. Gansakuka tana buƙatar hasken rana kafin ta rayu, cikin tanki kuwa duhu ne dare da rana. Abin da ke rayuwa a can iri uku ne: bakteriya, da fumfuna, da dangin yis. A cikin fumfuna, wadda ta fi suna ita ce Hormoconis resinae, wadda a da ake kira Cladosporium resinae. An fara ba ta muhimmanci ne a ƙarshen shekarun 1950 da farkon shekarun 1960, lokacin da aka gano tana toshe filtoci tana kuma cin tankunan alminiyum da ke cikin fukafukan jiragen sama masu shan kananzir. Na kawo wannan tarihin ne domin ka san matsalar ta daɗe, ta girmi duk wani sabon nau'in mai da ake ɗora wa laifi yau. A cikin bakteriya kuma, dangin Pseudomonas ne aka fi samu. Dukansu ba sa iya hayayyafa a cikin tsantsar mai. Dizal ya fi ruwa rashin nauyi, lita ɗaya tana kai wajen giram 820 zuwa 845 yayin da litar ruwa take giram 1,000, saboda haka ruwa yana nutsewa ƙasa, man ya zauna a kansa. A daidai wannan iyaka ta tsakanin ruwa da mai suke zama, suna sha daga ƙasa, suna ci daga sama. Zafin da suka fi so kuwa, daga digiri 25 zuwa 35, shi ne zafin ɗakin inji a Legas kusan duk shekara.

Yauƙin da kake gani a filta bargo ne da waɗannan halittu suke saƙa wa kansu, suna manne shi a ƙasan tanki da bangonsa, kuma shi ne yake kare su daga magani. Ɓarnarsu ba ta tsaya ga toshe filta ba. Suna fitar da asid mai cin ƙarfe, suna kuma fitar da wani sinadari mai aiki irin na sabulu wanda yake dama ruwa da mai, har man ya yi hazo, filtar da ke raba ruwa da mai ta kasa rabawa. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a ƙarƙashin bargon idan ya yi kauri. Iskar shaƙa tana ƙarewa a can, sai wasu bakteriya da ba sa son iska, irin su Desulfovibrio, su samu wurin zama. Waɗannan suna amfani da wani gishiri mai farar wuta da ke cikin ruwan teku, su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma su ne suke huda ƙarfe ƙananan ramuka masu zurfi. Ruwan da kake aiki a kansa gauraye yake da na teku, don haka idan warin da ka ambata irin na ruɓaɓɓen ƙwai ne, to mai yiwuwa ruwan gishiri ya shiga tankinka, kuma jikin ƙarfen ma yana cikin haɗari.

Dalilin da ya sa inji yake mutuwa lokacin igiya a bayyane yake. Bututun da ke zuƙar mai ba ya taɓa ƙasan tanki, ana barinsa 'yan santimita sama da ƙasa domin kada ya ja datti. Idan ruwa yana kwance, dattin ma yana kwance. Da jirgi ya fara tangal-tangal sai man ya riƙa bugun bango, yauƙin ya ɓalle ya tashi, bututu ya zuƙe shi da yawa a lokaci guda. Wani lokaci ma ba ya isa filta, a bakin bututun yake toshewa, musamman idan akwai 'yar raga a wurin. Alamar wannan ita ce inji ya mutu, a jira minti goma, ya tashi lafiya, ya sake mutuwa bayan an ɗan yi tafiya, saboda da zuƙa ta tsaya sai dunƙulen ya saki bakin bututu ya faɗi ƙasa. Na ga kanikawa sun kwance famfon injekta a banza saboda wannan.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar da abin da kake faɗa da shi, domin ba kowane baƙin datti ne mai rai ba. Ka sa safar hannu ta roba ka murza shi tsakanin yatsu. Na halittu yana da santsi, yana jan zare kamar miyar kuɓewa, yana kuma wari mai tsami. Tsohon mai da ya daɗe ya lalace yana barin danƙo mai tauri kamar kwalta, ba ya jan zare. Tsatsa tana da ƙurzunu kuma mayen ƙarfe yana ɗaukarta. Gutsattsarin baƙar roba kuwa alama ce ta tiyo da ya fara ruɓewa daga ciki. Akwai kuma man da ake dafawa a daji a yankin Neja Delta, wanda yake shigowa kasuwa da araha ɗauke da dattinsa tun daga tukunya. Shi wannan babu maganin kashe ƙwayoyi da zai gyara shi. Bayan haka ka zura ƙaramin famfon hannu da siririn bututu har can ƙasan tanki, a ɓangaren da ya fi gangarawa, ka ja kamar lita ɗaya cikin kwalba mai haske, ka ajiye ta ta kwana. Lafiyayyen mai garau yake, za ka iya karanta rubutun jarida ta cikinsa. Idan da safe ka ga ruwa a ƙasa, mai a sama, da wani layi mai ruwan ƙasa ko baƙi yana lilo a tsakaninsu, ka ga abokin faɗanka da idonka. Akwai kayan gwaji da ake sayarwa, irin su Fuelstat mai ba da sakamako cikin minti 15, da MicrobMonitor2 wanda ake jira kwanaki kaɗan ƙwayoyin su tsiro a ƙirga su. Suna da amfani ƙwarai bayan an yi wanki, don a san ko aikin ya ci. Amma duk gwajin da aka yi da man da aka ɗebo daga saman tanki ɓata kuɗi ne, domin can sama kusan kullum tsaf yake fitowa.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda kuma aka fi tsallakewa: ta ina ruwan yake shiga? Amsar da kowa yake bayarwa ita ce gumin tanki, wato iska mai laima ta shiga, dare ya yi sanyi, ta zama raɓa a bango. Hakan yana faruwa, amma mu yi lissafi. Iska mai zafin digiri 30 da ta ƙoshi da laima tana ɗauke da ruwa kimanin giram 30 a kowace lita 1,000. Idan tankinka rabi ne, akwai iska lita 400 a ciki, wato ruwan da ke cikinta gaba ɗaya bai wuce giram 12 ba, ƙasa da cikin babban cokali. Kuma ba duka iskar ce take sauyawa kullum ba. Bambancin digiri 10 tsakanin rana da dare yana shigo da sabuwar iska kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai. Saboda haka gumi yana tara ruwa sannu a hankali, cokali-cokali cikin makonni. Wannan ya isa halittun su fara rayuwa, amma idan ka ja lita biyar ko goma na ruwa daga ƙasan tanki, kada wani ya ce maka gumi ne. Ko dai yoyo ake yi daga waje, ko kuma da ruwan aka sayar maka da man.

Shi kansa mai yana ɗauke da ɗan ruwa narke a cikinsa. Ƙa'idar dizal ta Turai, EN 590, ta yarda da miligiram 200 a kowane kilo, wanda a lita 800 ya kai kusan giram 130. Mai zafi ya fi mai sanyi riƙe ruwa, kuma injin dizal ba ya ƙone duk man da ya ja, yana mayar da wani kaso tanki da zafinsa. Idan an kashe inji man ya huce, sai ya saki ruwan da ya kasa riƙewa ya gangara ƙasa. A Turai an ƙara samun koke-koke bayan da ƙa'idar ta yarda a gauraya bayodizal, wato dizal ɗin da ake yi daga man tsirrai ko kitse, har kashi 7 cikin 100, saboda shi bayodizal ya fi jan ruwa, kuma ya fi sauƙin ci ga ƙwayoyin. Wannan ya fi shafar masu jirage a can. Kai abin da ya fi shafarka shi ne hannayen da man yake bi kafin ya iso gare ka.

Akwai wani jirgin ja da aka taɓa kira na a kansa, mai irin matsalarka, kuma sun riga sun zuba magani sau uku. Da muka kwashe man muka buɗe marfin dubawa, na haska tocila, sai na ga ƙasan tanki lulluɓe da baƙin bargo mai kaurin yatsa. Na sa farantin roba na ɗaga gefensa, ya taso gaba ɗaya kamar fatar da aka jiƙa, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashinsa duk ya yi ramuka kamar zanzana. Muka wanke, amma ban yarda a mayar da mai ba sai mun gano kafar ruwa. Na hau sama na kwance marfin da ake zuba mai, wanda yake shafe da daɓen jirgi. Zoben robar da ke bakinsa ya bushe ya tsage wuri biyu, kuma kowace safiya yaran jirgi suna wanke daɓen da bokitin ruwan da suka ɗebo daga gefen jirgi, ruwan ya taru a kan marfin ya tsiyaya ciki. Zoben da kuɗinsa bai kai na filta ɗaya ba shi ne ya jawo musu asarar watanni. Don haka ka fara da wannan marfin. Daga nan ka duba bututun numfashin tanki, ka ga ko bakinsa yana inda feshin igiya ko ruwan sama yake bugu. Ya kamata ya hau sama ya lanƙwaso ƙasa kamar wuyan agwagwa. Sai gaskit ɗin marfin dubawa da na ma'aunin mai, musamman idan ruwa yana kwanciya a saman tankin.

Game da shawarar a zuba magani kawai, ban goyi bayanta ba a halin da kake ciki, kuma ina ganin tana iya jefa ka cikin haɗarin da ya fi na yanzu. Magani yana kashewa ne, ba ya narkar da gawa. Idan ya kashe na saman bargon, sai bargon ya saki bango ya riƙa ɓallewa gunduwa-gunduwa, filta ta toshe fiye da da. Na can ƙasa kuma, da maganin bai isa gare su ba, su sake yaɗuwa. Tankin da yake toshe filta kowane mako ya wuce matsayin magani shi kaɗai, sai an buɗe shi.

Ga yadda nake bin aikin. Ana fara jan man daga sama a hankali zuwa durarruka masu tsabta, ba tare da an motsa na ƙasa ba. Idan an kusa ƙasa, man ya fara sauya launi, sai a koma wani duro daban. Wannan na ƙarshe ba zai koma tanki ba. Sai a buɗe marfin dubawa a bar tanki ya sha iska sosai. A nan ina roƙonka ka tsaya a kan yaranka da kanka. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai guba ce mai kisa, ta fi iskar shaƙa nauyi don haka tana kwanciya a ƙasan tanki, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka ta tafi alhali a lokacin ta fi yawa. Kada kowa ya cusa kai ko ya shiga ba tare da an hura iska an kuma auna ba, kada a yi aikin mutum ɗaya, kuma babu walda, babu sigari, babu fitilar da ba a rufe ba. Ana kankare yauƙin da farantin roba ko katako, a goge da tsumman da ba ya barin zare. Idan an yi amfani da ruwa wajen wanki, dole tanki ya bushe ƙayau kafin mai ya koma. Tankin lita 800 yana da shingaye a ciki masu hana mai kaɗawa, kuma bayan kowane shinge akwai ɗaki mai nasa dattin. Idan marfi ɗaya ne kuma hannu ba ya kai wa sauran ɗakunan, ya fi kyau ƙwararre ya yanka ƙarin marfi, bayan an tabbatar babu tururin mai, da a bar rabin tanki da ƙazanta. Idan ƙarfe ya fito fili, a duba ramukan da kyau, musamman a kan layin walda da kusurwoyi. Rami mai zurfi yau shi ne yoyon mai a cikin jirgi gobe.

Tanki ba shi kaɗai ya kamu ba. A zare bututun zuƙa a wanke shi ciki da waje, a hura iska ta duk layin mai, a sauya tiyon da ya yi laushi, a kwance gidan filta da kwanonsa a wanke, a sa sababbin filtoci. Man da aka kwashe kuma ana mayar da shi ne ta cikin filta mai raba ruwa, a fara da mai maikiron 30 (maikiron shi ne ma'aunin ƙanƙantar dattin da filta take tarewa), a bi da mai 10. Akwai masu zuwa da injin tace mai, su riƙa zagaya man daga tanki zuwa filta ya koma. Wannan yana tsabtace man, kuma yana da kyau ga tankin da bai yi nisa ba, amma ba ya ɓamɓare bargon da ke manne bayan shingaye. Dattin da aka kwashe da gurɓataccen man a rufe su a duro a miƙa wa masu karɓar dattin mai a tasha. Zuba shi a ruwa laifi ne a doka, kuma masunta da ke cin abinci daga wannan ruwan su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa.

Sai yanzu lokacin magani ya yi, domin ya kashe ragowar da tsumma bai kai gare su ba. Waɗanda aka sani a harkar sun haɗa da Biobor JF, da Grotamar 82, da Kathon FP 1.5. Kowanne yana da ma'auninsa, kuma yawanci ma'auni biyu ne, na kisa da na rigakafi. Kai na kisa kake buƙata. Misali, ma'aunin kisa na Biobor JF kusan mililita 30 ne ga kowace lita 150, wato wajen mililita 160 ga cikakken tankinka. A zuba maganin a fara, sannan a cika tanki da mai har baki domin ya gauraya ya kuma taɓa rufin tanki, a tayar da inji na kamar rabin awa ya ja maganin cikin layi, sannan a bar shi ya yi aiki aƙalla kwana ɗaya ko yadda takardarsa ta ce. A sa safar hannu da tabarau, domin wasunsu suna ƙona fata. Ka lura da lissafi. Takardun suna yawan rubuta ppm, ma'ana kashi ɗaya cikin miliyan, kuma a ma'aunin cika 100 ppm mililita 100 ne a lita 1,000. A watan Fabrairun 2020 wani jirgin sama ƙirar Airbus A321 ya tashi daga Gatwick a Ingila, injinansa biyu duka suka rikice har ya juyo ya sauka da gaggawa, kuma bincike ya nuna an zuba masa Kathon fiye da ninki 30 na ƙa'ida saboda wanda ya yi lissafin bai fahimci ppm ba. Yawan magani yana barin danƙo a cikin na'urorin mai, ƙarancinsa kuma yana barin masu taurin rai su tsira su hayayyafa. Saboda wannan dalili na biyu ne ba na son al'adar ɗiga ɗan magani a kowane shan mai. Na fi son a hana ruwa zama, a riƙa gwaji, a ba da cikakken ma'auni idan gwaji ya nuna buƙata.

Za a kawo maka wasu kayayyaki da za a ce suna shanye ruwa. Yawancinsu suna dama ruwan ne cikin mai ya wuce filta ya isa injekta, wasu kuma barasa ce a ciki. Tsohon inji mai famfon ƙarfe yana iya jure ɗan wannan, amma sabon inji mai layin matsi guda, wanda yake tura mai da ƙarfin matsi na bar 1,600 zuwa sama da 2,000, ruwa mai asid yana cinye injektocinsa cikin ɗan lokaci. Mayen ƙarfen da ake ɗaura wa a layin mai kuwa ba ya fitar da ko ɗigo na ruwa daga tanki.

Bayan wanki, abin da zai tsare ka aiki ne na minti biyar a mako. Idan tankinka yana da famfon tsiyaya a ƙasa, a buɗe shi kowane mako da safe kafin a tayar da inji, a tara a kwalba har sai mai garau ya fito. Idan babu, a yi amfani da famfon hannu, ko a shafa man gano ruwa irin Kolor Kut a bakin sandar awo. Launinsa ruwan zuma ne, da ya taɓa ruwa sai ya koma ja, ya nuna maka zurfin ruwan. Kwanon filta mai haske a duba shi kowace safiya. Zoben marfi a shafa masa giris a sauya shi da ya fara bushewa. Idan jirgi zai kwanta makonni, a bar tanki a cike. Idan da duro kake sayen mai, kada a bar duro a tsaye cikin ruwan sama, domin ruwa yana taruwa a kansa, kuma duro yana numfashi da zafi da sanyi ya zuƙe ruwan ta gefen marfi ko da a ɗaure yake. A kwantar da shi a gefe, marafansa biyu suna daidai da juna a kwance. A guji duro ko bututu mai rufin zinki da kayan tagulla, suna hanzarta lalacewar dizal. Kowane sabon mai a ɗebi kwalba ɗaya a gaban mai kawowa, a bar duron ya kwana kafin a juye, kuma kada a juye na can ƙasa. Wannan duka ya shafi manyan tankunan janareta a asibitoci da masana'antu daga Kano har Yamai, inda mai yake zama watanni ba a taɓa shi ba.

Makonnin farko bayan magani, ka sa ran filta za ta ɗan riƙa kama ragowar gawa, don haka ka ajiye aƙalla filtoci huɗu ko biyar a jirgi tare da sifanar kwance su, kuma kowane ma'aikaci ya iya sauya filta da fitar da iska daga layi, ba bakanike kaɗai ba. Fitar farko a yi ta a kwantaccen ruwa ba tare da baji ba. Ga jirgin ja, ina ganin wajibi ne a sa filta tagwaye masu makunnin sauyawa, irin na Racor, tare da agogon auna zuƙa, ta yadda da allura ta fara hawa matuƙi zai juya makunni zuwa filta ta biyu inji bai mutu ba. Kafin ka samu kuɗin wannan, ka tanadi jarka mai lita 25 cike da tataccen mai, a ɗaure kusa da inji, da tiyo guda biyu da aka riga aka gwada girmansu. Ɗaya zai ɗauki mai daga jarka zuwa famfon inji, ɗayan kuma dole ya dawo da man da inji yake mayarwa cikin jarkar, domin idan aka bar layin dawowa yana zuba a tanki, jarkar za ta ƙare tun ba ku kai gaɓa ba. Ku gwada wannan haɗin sau ɗaya a tasha da rana, kowa yana kallo, sannan a naɗe tiyon a rataye su kusa da jarkar.